Yadda ake tabbatar da ishara da fassara zayyana a gajeren labari

Tambaya: Malam, an ba mu wani gajeren labari mai shafi 5, aka ce mu fito da isharorin da ke cikinsa da irin zayyanar da marubucin ya yi. Labarin wani auta ne da yayyensa suka laƙa masa satar kuɗin mahaifinsu har ya bar gida. Bayan shekara 12 ya dawo da dukiya, ya tarar uban ya makance, kullum yana zaune kusa da wata ƙafaffiyar rijiya rungume da tsohuwar rigar yaron. Da ya ce shi ne, sai uban ya shinshina sabuwar rigar da ke jikinsa ya ce wannan ba ɗansa ba ne. A ƙarshe autan ya jefa tsakuwa cikin rijiyar, ya kasa kunne, labarin ya ƙare a nan. Ni dai ƙissar Annabi Yusuf nake gani a ciki, amma ina tsoron kada a ce ni na ƙago. Yaya zan tabbatar, kuma in na tabbatar me zan rubuta?

Amsa: Abin da kika gani yana nan, ba ke kika ƙago shi ba. Sai dai faɗin cewa labarin yana ishara zuwa ga ƙissar Annabi Yusuf (AS) layi ɗaya ne kawai a sharhinki, kuma kusan kowa a ajin zai rubuta wannan layin. Aikin gaske yana cikin tambayar da ke biye: a ina labarin ya bi ƙissar, a ina ya rabu da ita, me kuma rabuwar ta haifar? Zayyana ma, wato hoton da kalmomi ke zana wa mai karatu, haka take. Ma'anar rigar nan da rijiyar nan tana cikin yadda suka sauya tsakanin fitowarsu ta farko da ta ƙarshe.

Mu fara da tabbatarwar, tunda ita ta hana ki sakat. Ishara ita ce marubuci ya yi hannunka-mai-sanda zuwa ga wani abu da ke wajen labarinsa, ƙissa ce, ko karin magana, ko waƙa, ko wani abu na tarihi, ba tare da ya fito fili ya ambace shi ba, don ya tabbata mai karatu ya san abin. Malaman balaga suna kiran wannan talmihi, kuma sun raba shi da iƙtibasi, wato ɗauko lafazin aya ko hadisi a saka cikin magana ba tare da an ce daga nan aka ɗauko ba. Bambancin yana da amfani a gare ki domin hujjar kowanne daban ce. Iƙtibasi da lafazi ake kama shi: ki ajiye jimlar labarin kusa da ta asali, a ga sun dace. Talmihi kuwa sai an tara alamu.

Abu uku ake dubawa a alamun: yawansu, keɓantarsu, da jerinsu. Alama ɗaya ba ta tabbatar da komai. Hassadar 'yan'uwa tana cikin labarai bila adadin, rijiya kuma ana samunta a labarin da bai san da wata ƙissa ba. Alama biyu sun isa ki tsaya ki duba. Uku ko fiye, in sun zo a jerin da suke a asali, sun zama hujja. A labarinki akwai ƙarami da yayye suka zalunta, da rijiya, da riga, da uban da idonsa ya tafi bayan rabuwa da ɗansa, da dawowa cikin wadata, da shinshina. Shida ke nan. Amma ba nauyinsu ɗaya ba, kuma a nan keɓanta take shigowa. Wadda ta fi kowacce ƙarfi ita ce haɗuwar riga da ƙamshi da makantar uba a wuri guda, domin da wuya wannan haɗi ya faru bisa tsautsayi. A Suratu Yusuf, aya ta 84 ta ce idanun Annabi Yaƙub sun yi fari saboda baƙin ciki, a ta 93 aka aiko da rigar, a ta 94 ya ce yana jin ƙamshin Yusuf, a ta 96 aka jefa masa ita a fuska ganinsa ya dawo. Da wannan alama za ki buɗe hujjarki, sauran su biyo bayanta su ƙarfafa ta. Ɗalibai da yawa suna farawa da mafi rauni, wato hassada, sai mai duba takarda ya fara shakka tun daga layin farko.

Kada ki tsaya a asalin da ya fara faɗo miki. Ki nemo wani da zai iya ja da shi, ki gwada su tare. Labarin ƙaramin ɗa da ya bar gida ya dawo yana nan a Linjilar Luka, sura ta 15, kuma a can ma akwai riga. Sai dai ɗan can da ƙafarsa ya tafi bayan ya karɓi rabonsa, ya dawo a tsiyace, uban ya hango shi tun daga nesa ya gane shi, ya sa aka kawo masa riga mafi kyau. Naki korarsa aka yi da sharri, kuma da dukiya ya dawo, don haka wancan bai zauna ba. Ko labarin Yusufu da ke Littafin Farawa, daga sura ta 37, yana da riga mai jini da ramin da aka jefa shi, amma babu rigar da ta mayar wa uba da gani. Shinshinar da ke labarinki ta nuna ƙissar Alƙur'ani marubucin ya dogara da ita. Layi biyu a kan wannan sun wadatar, amma suna nuna kin auna kafin ki yanke.

Yanzu ga inda sharhin yake. Ki ja layi a tsakiyar takarda, ki rubuta abin da ya faru a ƙissar a gefe ɗaya, abin da ya faru a labarin a ɗaya gefen, mataki-mataki. Za ki ga sun jera har zuwa wani wuri, sannan suka rabu. A ƙissar, uban ya ji ƙamshin ɗansa tun ayari yana hanya, alhali ɗan yana wata ƙasa. A labarin, ɗan yana tsaye a gabansa, hancinsa a kan rigarsa, amma bai gane shi ba. A ƙissar, riga ce ta haɗa uba da ɗa. A labarin, riga ce ta shiga tsakaninsu, domin uban ya riƙe tsohuwar har ba ya da wurin da zai sa mutumin da ya girma ya fita daga cikinta. Marubucin ya ɗauko ƙissar ne don ya sa ki jiran waraka, tunda duk wanda ya san ta ya san abin da ke biyo bayan riga da ƙamshi, sannan ya hana ki ita. Zafin ƙarshen labarin daga wannan jiran ya fito. Wanda bai san ƙissar ba zai ga tsoho ya kasa gane ɗansa, ya tausaya, shi ke nan. Wanda ya sani zai ji an ɗauke masa abin da ya riga ya miƙa hannu zai karɓa.

Akwai tambayar da ba kasafai ake yi ba, kuma tana iya juya sharhin gaba ɗaya: wa ya san da isharar a cikin labarin? Wani lokaci marubuci da mai karatu ne kaɗai suka sani, taurarin labarin ba su da masaniya. Wani lokaci kuwa tauraron da kansa yana kallon rayuwarsa ta cikin ƙissar. Ki koma ki duba maganganun autan da tunaninsa a hanyar dawowa. In kin ga yana shirya kalaman yafiya da zai faɗa wa yayyensa, kamar yadda Annabi Yusuf ya ce wa 'yan'uwansa babu zargi a kansu a aya ta 92, to ya ɗauki kansa a wannan matsayi, ya dawo yana jiran a yi masa irin waccan tarbar. A nan isharar ta zama hanyar fito da halinsa: mutum ne da ya shafe shekara 12 yana rarrashin kansa da ƙarshen da ba a yi masa alkawarinsa ba. In kuwa uban ne yake maimaita maganar kyakkyawan haƙuri, wadda ta zo a aya ta 18 da ta 83, to wannan iƙtibasi ne a bakinsa, kuma sai ki duba ko haƙurin nasa na sa rai ne ko na wanda ya riga ya binne ɗansa a zuci.

Ki kula da lafazinki a nan. Cewa labari ya yi ishara zuwa ga ƙissar annabi ba ya nufin an daidaita tauraro da annabin. Ki rubuta cewa labarin ya aro tsarin ƙissar, ko yana tuna wa mai karatu da ita. Kada ki rubuta cewa autan shi ne Yusuf, uban shi ne Yaƙub. Ban da rashin dacewa, kuskure ne na nazari, domin zai tilasta miki neman abokin kowane abu: wane ne Azizu, ina kurkuku, ina taurari 11. Ishara ba ta ɗauko ƙissa dukkanta. Tana ɗauko abin da take buƙata ta bar saura.

Akwai kuma ishara ta biyu da ba ki ambata ba. Makaho ne zaune kullum a gefen rijiya, Hausawa kuwa sun ce bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. In marubucin mai jin Hausa ne, da wuya a ce bai san abin da ya yi ba. Ya ɗauki karin magana ya mayar da shi yanayi, bai furta shi ba, ya bar ki da fargaba duk lokacin da tsohon ya motsa. Wannan dabara tana da yawa a gajerun labarai, kuma ana yawan tsallake ta domin ɗalibi yana neman karin magana ne a bakin taurari kawai.

Zayyana kuwa, wadda wasu ke kira hoto cikin bayani, ita ce amfani da kalmomin da ke sa mai karatu ya gani, ko ya ji sauti, ko wari, ko ɗanɗano, ko taɓi. Ga yadda ake bin ta. Karatu na farko ki yi shi ba alƙalami, daga farko zuwa ƙarshe a zama ɗaya, ki lura da wurin da ya tsaya miki a rai. A na biyu ki ja layi ƙarƙashin duk abin da gaɓoɓi za su iya riska. A labari mai shafi 5 za ki iya samun wurare da dama, amma mafi yawansu kayan shimfiɗa ne, aikinsu su sa wurin ya zama na gaske. Masu ɗauke da nauyi ba sa cika wuce biyu ko uku a labari mai wannan tsawo, kuma ana gane su da ɗaya daga waɗannan: sun maimaitu, ko an ba su fili fiye da yadda tafiyar labarin take buƙata, ko sun zo a take ko sakin layin farko ko na ƙarshe, ko harshen marubucin ya sauya da ya iso gare su. Gajeren labari ba shi da filin ɓarna. Tun 1842 marubucin Amurka Edgar Allan Poe ya rubuta cewa kowace kalma a irin wannan labari ya kamata ta yi wa tasiri guda ɗaya hidima. Saboda haka in marubuci ya ɓatar da layi shida a kan rijiya a labarin da ya taƙaita shekara 12 a layi biyu, ya gaya miki inda za ki duba.

Kowane hoto mai nauyi ki yi masa jadawali. Duk inda ya fito ki rubuta abu huɗu: shafi, idon wa ko hannun wa ya riske shi, a wane hali yake, da abin da ya faru dab da fitowarsa. A ce rigar ta fito sau uku: a jikin yaron ranar da ya tafi, a hannun uban ta koɗe don yawan shafa, sannan a kan cinyarsa lokacin da yake ture sabuwar. In kin karanta jadawalin daga sama zuwa ƙasa za ki ga ta tashi daga sutura, ta zama abin tunawa, ta ƙare a matsayin katanga. Wannan tafiyar ita ce fassarar. Ba ki shigo da komai daga waje ba, kuma kowane mataki yana da shafin da za ki nuna.

Ki duba gaɓar da marubucin ya fi dogaro da ita. Ɗalibai sun saba tattara abin da ido ke gani kawai. Amma a labarin da uba makaho ne, ki lura ko hotunan gani suna raguwa yayin da ake kusantar ƙarshe, taɓi da wari da sauti suna karɓar wurinsu. Dukiyar da autan ya dawo da ita abin gani ce, ba ta da amfani a gaban wanda ba ya gani. Jimlar ƙarshe kuma ta bar shi yana kasa kunne, wato labarin ya mayar da shi irin halin ubansa, yana neman amsa da kunne a cikin duhu. In rubutun ya tabbatar da wannan, to shi ne mafi kyawun abin da za ki faɗa a kan zayyana, kuma ya cancanci sakin layi guda.

Aikatau ma suna ɗauke da hoto, sau da yawa fiye da sifofi. "Ya riƙe rigar" da "ya ƙanƙame rigar" da "ya rungume rigar" ba abu ɗaya suke cewa game da tsohon ba. Ki kuma bambanta adon da ya riga ya zama maganar yau da kullum da wanda marubucin ya raya. "Bakin rijiya" magana ce ta kowa, babu jinsintarwa a ciki, wato ba a ba wa marar rai halin mai rai ba. Amma in ya rubuta cewa rijiyar ta wangame baki tana jira, ya mayar da ita mai rai, kuma sai a tambaya me take jira.

Kurakuran da suka fi ɓata irin wannan sharhi sanannu ne. Babbansu shi ne shigowa da ma'ana haddatacciya: fari tsarki ne, ruwa rayuwa ne, duhu sharri ne. A ƙissar da labarinki ya jingina da ita, farin ido alamar baƙin ciki ne, rijiya kuma wurin zalunci ce da ta zama farkon ɗaukaka. Launi ko abu ba shi da ma'ana guda da yake yawo da ita, labarin ne yake ba shi. Na biyu, sake ba da ƙissar. Ɗalibi ya cika shafi da abin da malami ya riga ya sani, sharhin kansa ya samu layi uku. Ki ɗauko daga asali iya abin da za ki kwatanta, kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na rubutunki. Na uku, ɓoye abin da bai dace da fassararki ba. In akwai wurin da uban ya yi kamar ya gane shi amma ya ƙi nunawa, kada ki tsallake. Wataƙila ma nan ne zuciyar labarin, domin zai mayar da makantar ta zama zaɓi: uban da ya yarda da sharrin da aka yi wa ɗansa ba zai iya fuskantar mutumin ba, ya fi masa sauƙi ya zauna da rigar da ba za ta tuhume shi ba. Fassarar da ta iya ɗaukar abin da ke ja da ita ta fi wadda ta kauce masa ƙarfi.

Game da tsakuwar, kada ki matsa wa kanki sai kin ce ta yi ƙara ko ba ta yi ba. Marubucin ya yanke labarin kafin amsa da gangan. Abin da za ki yi shi ne ki nuna abin da kowane ɓangare yake da shi a rubutun. An ce rijiyar ta ƙafe, wannan yana goyon bayan shiru. Amma wanda ya fid da rai ba ya kasa kunne, kuma a ƙissar asali daga rijiya aka fito da yaron da rai. Ki faɗi ɓangaren da kika ga ya fi rinjaye, ki kawo dalili, ki bar ɗayan a buɗe. A ganina ɓangaren sa rai ya fi rauni a nan, tunda labarin ya riga ya karya alkawarin ƙissar sau ɗaya a kan riga, amma wannan hukunci ne da sai an ga kalmomin sakin layin ƙarshe kafin a tsaya a kai.

In wani ya ce miki ai marubucin bai yi nufin duk wannan ba, amsar ita ce ba a zuciyarsa kike aiki ba, a kan shafinsa kike. Tun 1946 wasu manazarta biyu na Amurka, Wimsatt da Beardsley, suka yi jayayya cewa niyyar marubuci ba ita ce ma'aunin rubutu ba. Ba lallai ki bi su har ƙarshe ba, musamman a kan ishara, inda sanin ko marubucin zai iya sanin asalin yake da muhimmanci: ba a ishara zuwa ga abin da ya faru bayan an rubuta labari, don haka ki duba shekarar da aka buga shi. Amma a lafazinki ki ce "labarin ya nuna", kada ki ce "marubucin yana so ya ce", sai in kina da maganarsa a hannu.

Wajen rubutawa, kowane sakin layi ya ɗauki da'awa ɗaya, sai gajeren tsakure daga labarin da lambar shafi, sai bayanin yadda kalmomin tsakuren suka haifar da abin da kika ce, sai ki ɗaure shi da jigo. Misali: "A shafi na 4 uban ya 'shinshina' rigar kafin ya yi magana. Wannan aikatau yana tuna wa mai karatu ayoyi na 93 zuwa 96 na Suratu Yusuf, inda ƙamshin riga ya gabaci dawowar gani. A nan kuwa musu ne ya biyo bayansa, don haka isharar ta gina sa rai ne don ta rushe shi, abin da ya ƙarfafa jigon cewa dawowa gida ba ta mayar da abin da rabuwa ta ci." Tsakuren kada ya wuce layi biyu, kuma bayaninki ya fi shi tsawo. In za ki kawo fassarar aya, ki kwafo ta daga tarjamar da aka sani, ki ambaci sura da lamba, kada ki rubuta daga ka. In kuma labarin fassararre ne daga wani harshe, ki ambaci haka tun farko, ki rage dogaro da kalma ɗaya-ɗaya, ki jingina hujjarki a kan abubuwa da jerin faruwarsu, domin su ne ba sa sauyawa a hannun mai fassara.